Fita Cin Abinci da Shaƙatawa da Iyali a Zaman Legas

Yawancin magidanta Hausawa da ke zaune a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 neman halali ne ya kawo su Legas, shi ya sa fita da iyali domin shaƙatawa ba ta cika shiga lissafinsu ba, in ban da ziyarar 'yan uwa ranar Sallah. Da na ɗauko iyalina daga Zariya muka zauna a Agege, abin da ya fi damuna shi ne yara su tashi a birnin da ke bakin teku amma duniyarsu ta tsaya tsakanin gida, makaranta da Islamiyya. Saboda haka muka yanke shawara da uwargida cewa duk ƙarshen wata za mu ware yini guda mu fita tare.

A Legas hanya ce ke tsara wa mutum yininsa. Daga Agege zuwa Lekki sai mun haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, kuma wanda ya bari rana ta take kafin ya fito, a cikin cunkoson motoci zai ci rabin hutunsa, yara na kuka a baya. Mun gane cewa safiyar Lahadi ta fi sauƙi, don haka da an karya kumallo muke kama hanya. A haka muka je Lekki Conservation Centre, inda akwai gada mai lilo a saman bishiyoyi da ta kai tsawon mita 401. Ba a barin ƙananan yara su hau ta, amma birai da ke yawo a sake sun ishe su kallo, sai dai a ɓoye abinci cikin jaka domin biran ba sa jin kunyar fizge shi daga hannu. Wata fitar kuwa jirgin ƙasa na Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2023, muka hau daga Marina zuwa Mile 2 da katin Cowry, wato katin biyan kuɗin sufuri na Legas, kuma wannan gajeriyar tafiya ta faranta musu rai fiye da wuraren da muka kashe kuɗi masu yawa.

Batun abinci ne ya fi buƙatar natsuwa. A manyan gidajen cin abinci na Victoria Island da Lekki ba na jin nauyin tambayar ma'aikaci ko naman yankan Musulmi ne, ko ana dafa naman alade a ɗakin girkin, ko an zuba giya a miya, domin tambayar minti ɗaya ta fi zaman zargi a zuci. Haka kuma farashin da ke rubuce a takardar abinci sau da yawa ba shi ne abin biya ba, tunda ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da harajin jihar Legas na kashi 5, wasu wuraren har da kuɗin hidima. Magidanci mai mutum shida a tebur ya kamata ya yi wannan lissafin tun kafin ya zauna.

A ganina, bukar Yarbawa, wato ƙaramin gidan sayar da abincin gargajiya, ta fi waɗannan wurare amfani ga yaranmu. Da yawa daga cikin matan da ke sayar da abinci a can Musulmi ne, kuma da ka gaishe su da ladabi za su gaya maka inda suke sayen nama. A can yarana suka saba da amala da miyar wake da ewedu, wadda ba ta da bambanci sosai da miyar lalo da suka sani a gida. Ranar farko babbar 'yata ta ce, “Baba, wannan tuwon ai baƙi ne,” amma yanzu ita ke roƙon a koma. Ina son su iya zama da maƙwabtansu su ci abin da suke ci ba tare da ƙyama ba, domin a cikinsu suke karatu, kuma wataƙila a cikinsu za su nemi abinci gobe. Idan kewar gida ta motsa kuwa, tsiren Obalende da wainar Agege suna nan.

Salla ma tana cikin shiri. Kullum akwai darduma da buta a bayan mota, in kuma muna cikin Lagos Island, kamar ranar da muka kai su Freedom Park, tsohon gidan kurkukun Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, sai mu yi Azahar a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe. Bakin teku kuwa da hantsi muke zuwa, uwargida ta ɗauko dafa-duka da zoɓo daga gida, mu riƙe yara nesa da igiyar ruwa saboda ƙarfinta, sannan mu tattara kafin La'asar, lokacin da kiɗa da shaye-shaye ke fara yawa a wurin.