Ranar da na kai Baba lambun Humayun

Jinyar Baba ce ta kai mu Delhi, bayan an gama aiki likita ya ce sai mun ƙara kwana goma, to zaman ɗaki ya ishe shi har ya fara min faɗa ba dalili. Shi ne na ɗauko mana keke napep muka tafi kabarin Humayun, wani tsohon sarkin Indiya, can kusa da unguwar Nizamuddin.

Kuskuren farko nawa ne, ƙarfe sha biyun rana muka isa a watan Mayu, wallahi ranar ko ta Sakkwato albarka, gorar ruwa ɗaya kacal na riƙo. Sannan kuɗin shiga na baƙi daban yake da na 'yan ƙasa, kuma ba kaɗan ba. In za ka je ka yi sammako.

Ni ginin na je gani, jan dutse da farar ƙubba, matar sarkin ce ta sa aka gina wajajen 1570. Baba ko kallon kirki bai masa ba. Manomin rani ne a Kura, yana shiga idonsa ya sauka kan ruwa. Lambun an raba shi gida huɗu da magudanai, wai misalin ƙoramun Aljanna, kowane kashi kuma an sake yanka shi kamar fangali. Ya tsuguna da ƙyar, ya tsinki ganyen darbejiya ya jefa yana bin sa da ido.

"Kai, zo ka gani. Wanda ya yi wannan ya san ƙasa."

Na ce Baba ai kwata ce kawai. Ya harare ni.

Ashe shekara da shekaru magudanan a bushe suke, sai da gidauniyar Aga Khan da hukumar kayan tarihin Indiya suka gyara aka gama a 2003, suka sake jera duwatsun da gangaren santimita 1 a duk mita 40, suka dasa mangwaro da lemo da darbejiya. Da na faɗa masa lissafin sai ya ce shi tun a ganyen ya gani.

Hawa benen kabarin dai ya ce gwiwa ba za ta iya ba. Na hau ni kaɗai, daga sama ne ma na ga yadda layukan suka miƙe sak, ga shi can ƙasa a inuwa ya cire hula yana ta yi wa wani mai ban ruwa bayani da hannu, shi ba Indiyanci wancan ba Hausa.