Na samu aikin, jama'a ku taya ni godiya

Alhamdulillah. Jiya da yamma aka turo min takardar ɗaukar aiki ta imel, injiniyan kula da injina a wata masana'antar robobi da ke Idu a Abuja. Tun jiyan waya ba ta huta ba, wanda ban ɗaga kiransa ba don Allah ya yi haƙuri, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani.

Waɗanda suka san ni sun san shekara 3 ke nan da gama bautar ƙasa ina yawo da takardu. Intabiyu 5 na shiga kafin wannan. Akwai wanda na kwana a mota daga Jos har Legas, ko minti 10 ban yi a gabansu ba suka ce za su kira ni, shiru har yau. Ranar da na dawo ban iya cin abinci ba.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga Ogana ce na Dilimi a Jos, mai naɗin koyil ɗin moto, wato injin lantarki. Bawan Allahn nan bai taɓa zama a ajin jami'a ba, amma da na je masa da digirina na ce zan koyi aiki bai yi min dariya ba, sifana ya miƙo min ya ce kwance wancan. Shekara 2 ina shagonsa, da sanyin Jos ɗin nan na Disamba da hannu ke ƙagewa, a nan na san ƙarar boris da ya mutu, na san warin koyil da ya ƙone tun kafin a buɗe moto.

To ga yadda abin ya yi min rana. Intabiyun hawa uku ne, jarrabawar rubutu, sai zama gaban mutum 4, sai cikin masana'anta. A zaman sun tambaye ni me ya sa ake tada babban moto da sita-delta, wata hanyar haɗa wayoyinsa, na ce don wutar da yake ja wajen tashi ta ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, wannan kam karatun makaranta ne. Amma da aka ba mu hular kwano aka kai mu gaban wani moto mai layin wuta uku, bolt 415, aka ce yana gurnani yana zafi kuma bireka na faɗuwa, me za ka fara yi, wallahi muryar Oga kawai na ji a kunnena. Na ce a ba ni kwaɗo. Na kashe wuta na kulle makunnin na jefa makullin a aljihu, na sa mita na tabbatar babu wuta, sannan na juya shaf da hannu na ji boris lafiya lau, da na buɗe akwatin wayoyi sai ga layi ɗaya ya kwance har bakinsa ya yi baƙi, ashe a kan layi biyu yake ta wahala. Babban injiniyansu bai ce komai ba, rubutu kawai ya yi. Sai da za mu fita ya tambaye ni a ina na koyi aiki, na ce Dilimi. Oga, Allah ya saka maka da Aljanna, ya raya maka zuri'a.

Mama, ke kika sayar da tunkiyarki aka yi kuɗin mota ba tare da kin faɗa min ba, sai a bakin ƙanwata na ji. Ban san me zan ce miki ba. Allah ya ba ni ikon kai ki Makka.

Yaya da maigidanta a Kubwa, kwana 4 ina gidanku, shi ya kai ni Idu da asuba kafin ya wuce ofis. Abokina da ya ara min but da kwat, malaminmu da ya gyara min sibi har sau 3 bai gaji ba, da dattawan masallacin unguwarmu a Gangare da suka sa ni a addu'a, na gode, na gode ƙwarai.

Ranar Litinin zan fara, wata 6 na gwaji, kuma an ce har da aikin dare, ku ci gaba da yi min addu'a. Oga, Juma'a in an sauko daga masallaci ina nan zuwa shago in yi maka sallama, in sha Allah.