Talata a Jidda: ƙwaya ta riga allura

Kwana 43 ke nan da yi wa Kawu dashen hanta, yau kuma awon jininsa ya tashi a tutar babu.

Tacrolimus, maganin da ke danne garkuwar jiki don kada ta far wa sabuwar hantar, sau biyu yake sha, tara na safe da tara na dare, awa 12 cif a tsakani. Ranar awo kuwa sai an ɗebi jini tukuna a sha na safe, domin abin da likita ke nema shi ne ragowar maganin a jiki daidai lokacin da ya fi yin ƙasa. Muna kan layi tara ta gota, ni ina can wajen karɓar lamba, Goggo ta zaro ƙwaya daga jaka ta miƙa masa da gorar zamzam.

"Goggo, ai cewa aka yi sai bayan allura."

"To ba ke ce kullum kike min wa'azi kada a saɓa lokaci ba? Yau kuma na bi lokaci na yi laifi?"

Na rasa ta cewa, don da gaskiyarta. Sai dai da mun yi shiru an ɗebi jinin a haka, lambar awon za ta haura sama, likita ya ɗauka magani ya yi yawa ya rage, alhali bai yi ba. Daga nan jiki ya fara ƙin hantar, shi kuma ƙin nan ba ya sallama. Awon hanta ne ke fara nuna shi, tun kafin ido ya yi shawara, fitsari ya yi duhu ko ƙaiƙayi ya taso. In ma da gaske ya yi yawan, ƙoda ce ke shan wahala, ga rawar hannu da ciwon kai. Na gaya wa nas, ta ce mu dawo gobe.

Zafin jiki 36.8. In ya kai 38, waya ake buga wa asibiti ko tsakar dare ne. Suga ya ɗan sauka tunda aka rage prednisolone, wani maganin danne garkuwar da yake sha.

Da la'asar baƙi daga Makka, da ɗanyen nonon raƙumi da ledar garehul. Nonon ba a tafasa ba, garehul kuma yana hana jiki narkar da tacrolimus har ya taru. Na yi godiya, na tura wa maƙwabta. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce a ba Kawu ibuprofen don ciwon baya, na ce ƙodarsa ba za ta ɗauka ba.

Kawu ya sake tambayar yaushe zai yi Umra. Ba yanzu ba, cunkoso ne.

Tun a mota Goggo ba ta ƙara cewa uffan ba. Bayan isha na iske jakar maganin a bakin ƙofar ɗakina.