Kati ko biro? Rigimar sa hannun Mickey a wajen cin abinci

Akwai wata muhawara da iyaye ke ta yi a nan Amurka wadda in ka ba mutanen gida labarinta sai su ce lallai ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Wai ana cacar baki ne akan ko Mickey Mouse zai riƙa sa wa yara hannu a littafi idan an je cin abinci, ko kuwa kati kawai za a miƙo musu wanda an riga an buga sa hannun da inji. Eh, ɓeran katun ɗin nan dai da kuka sani mai manyan kunnuwa. Toh ni ina cikin masu ganin maganar tana da nauyi, kuma maganar kuɗi ce zalla, dan haka ku bari in warware muku zare da abawa.

Disney World, katafaren wurin wasa na kamfanin Disney mai Mickey, yana Orlando ne a jihar Florida, tun 1971 aka buɗe shi, kuma a cikinsa akwai wasu gidajen abinci da kana zaune kana ci sai mutane sanye da kayan 'yan katun su riƙa zagayawa tebur tebur suna gaisawa da yara, a rungume su a yi hoto a sa hannu. Wanda ya fi suna shi ne Chef Mickey's a otal ɗin Contemporary, wannan otal ɗin da jirgin ƙasa mai layi ɗaya ke ratsawa ta cikinsa kana kallo, nan ne Mickey da Minnie da Donald da Goofy da Pluto ke fitowa cikin kayan kuku. A wuraren wasan da ke cikin Disney World ɗin kuma akwai Crystal Palace a Magic Kingdom, akwai Tusker House a Animal Kingdom, akwai Garden Grill a Epcot wanda ɗakin da kansa ke juyawa a hankali kana cin abinci. Tun saura kwana 60 ake buɗe kama wuri, kuma wasu wuraren in baka tashi da asuba ka kama ba toh sai dai ka yi ta leƙe ko wani zai fasa.

Kuɗin fa? Babba ɗaya ya haura dala 50, ban da haraji ban da ɗan ihsanin ma'aikacin tebur, kuma abun da ke ba ni dariya shi ne yaro na cika shekara 10 ya zama babba a lissafinsu, ko da kuwa dankali biyu zai ci ya ce ya ƙoshi. Mu kuma musulmi namu lissafin daban ne, dan a karin kumallon Amurkawa naman alade ne ke cika rabin tebur, sai ka koma kan ƙwai da 'ya'yan itace da wainar fulawar nan mai siffar kan Mickey. Ana iya neman abincin halal in ka sanar da su tun da wuri, amma gaskiya duk wanda ya je wajen nan ya san ba cikinsa ya kai shi ba. Mintin nan ɗaya ko biyu da kowane ɗan katun zai tsaya a teburinka, shi ka saya.

Lokacin da muka kai yara na zuba ido sosai akan yadda ake sa hannun, kuma wallahi aiki ne. Safar hannun Mickey yatsu huɗu gare ta, lufu lufu, ba ta iya riƙe siririn biro, shi ya sa iyayen da suka san kan abun ke zuwa da ƙatuwar maka mai kauri. Pluto kuwa ɗora littafin yake akan hancinsa ya rubuta a nan, Goofy yana juya harafin F ɗinsa baibai, Minnie tana ɗan zana zuciya a jikin sunanta. Ba sa magana ko kaɗan, komai da hannu da kaɗa kai ne. Autata ta miƙa littafinta tana rawar jiki, Pluto ya karɓa ya yi kamar yana shinshina shi, ya ɗora a hanci ya rubuta, ya miƙo mata sai kuma ya noƙe kamar ba zai bayar ba, ita kuma tana ta ƙyalƙyala dariya tana ja. Abbansu ya raɗa min wai ke yanzu sa hannun kare muka biya wa kuɗin nan, na ce Abban yara ka kalli fuskar 'yarka tukunna ka dawo mu yi lissafi.

Kuma kar ku ɗauka kowa ke rubuta abun da ya ga dama. Ana koya wa ma'aikatan yadda sa hannun kowane ɗan katun yake, dan in yaro ya samu na Mickey yau ya dawo bayan shekara uku ya sake samu su zo iri ɗaya, duk da ba mutum ɗaya ne a cikin kayan ba.

Katin ya yaɗu ne a lokacin korona. An rufe wurin a watan Maris 2020, aka sake buɗewa a Yuli, kuma da aka dawo da cin abinci da 'yan katun sai aka ce babu runguma babu sa hannu, daga nesa za su riƙa ɗaga hannu suna wucewa, a maimakon haka a ba ka kati mai ɗauke da sa hannunsu a buge. Kowa ya fahimta, lokacin annoba ne. A ranar 18 ga Afrilu 2022 aka fara dawo da runguma da sa hannu, gidajen abincin suka biyo baya sannu a hankali. Amma tunda an riga an ɗanɗana an ga kati na aiki, sai zargi ya shiga zukatan mutane, duk sanda aka ji wani wuri ya miƙa kati sai a ce shikenan an fara. Wata ƙawata ta kai 'ya'yanta wani gidan abincin irin wannan, ba zan kama suna ba, suka sha wahalar siyan littafi da maka, suna zama aka ajiye musu kati a gefen faranti aka ce nan ba a sa hannu, ƙaraminsu ya yi ta riƙe da littafinsa a buɗe har suka tashi.

Zargin nan kuma bai faɗo daga sama ba, in ka duba abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan. A Satumba 2020 kamfanin ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000 a ɓangaren wuraren wasa. FastPass, tsarin tsallake layi da aka fara tun 1999 kuma kyauta ne, aka maye shi da Genie+ a Oktoba 2021 akan dala 15 kowane mutum kowace rana. Motar Magical Express da ke ɗauko baƙi daga filin jirgi zuwa otal kyauta tun 2005 aka tsayar da ita a farkon 2022. A Nuwamba 2021 shugabar kuɗin kamfanin ta lokacin, Christine McCarthy, tana magana da masu hannun jari akan tsadar kaya ta ce za su iya rage yawan abincin da ake zubawa, har ta ƙara da cewa hakan ma zai taimaki tumbin wasu, mutane suka yi ca a kanta. Duk wannan zamanin shugaban kamfanin Bob Chapek ne, aka cire shi a Nuwamba 2022 Bob Iger ya dawo, shi ma a Fabrairu 2023 ya sanar da rage ma'aikata 7,000 da tsimin dala biliyan 5.5. Toh wanda ya ga duk wannan in aka miƙo masa kati me kake so ya zata?

Wasu za su ce ai tawada ba ta da tsada, me kamfani zai tsimi a sa hannu. Lokaci ne. Ɗauki tebur mai yara uku da 'yan katun biyar, sa hannu goma sha biyar kenan, kowanne sai an buɗe littafi an nemi shafi an cire murfin maka, wani yaron ma littafin yana ƙasan jaka sai an zazzage. Iyali ba sa tashi sai sun ga dukkan 'yan katun, dan haka in zagayen ya yi nawa teburin ya daɗe a riƙe, masu jira a waje su daɗe, ranar a sayar da abinci kaɗan. In ka cire biro zagaye ya yi sauri, tebur ya saki da wuri, a shigo da wasu, farashi kuma yana nan inda yake. Abun da ya ragu shi ne tsayuwar da ake yi a gaban ɗanka, dan shi sa hannun nan shi ke ɗaure ɗan katun ya tsaya ya sunkuya ya kalli yaron, ba ya iya wucewa da ɗaga hannu kawai. Kamar goron gayyata ne, wanda ya tako har gida ya kawo maka da wanda ya turo hoton kati a guruf ɗin WhatsApp duk gayyata suka yi, amma ka san wanda za ka fi jin nauyin ƙin zuwa bikinsa.

Adalci dai shi ne a faɗi na ɗaya ɓangaren. Akwai iyayen da kati ya fi musu, abinci ba ya hucewa ana neman biro, kuma sukan ce lokacin da za a ɓata wajen rubutu gara a yi shi wajen runguma da hoto. Akwai 'yan katun da kayansu ba sa barin su rubuta ko sun so, Buzz Lightyear hatimi yake bugawa tun tuni ba wanda ya ce tsimi ne. Sannan akwai ɗan Adam ɗin da ke cikin kayan, yana leƙe ta ɗan raga, ga zafi ga nauyin kai, ga yara masu jan wutsiya da hannu duk miya. Na Florida suna cikin ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters tun shekarun 1980, na Disneyland a California kuwa sai a Mayu 2024 suka kaɗa ƙuri'ar shiga Actors' Equity, ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan kwaikwayo. In dan a sauƙaƙa musu ne aka kawo kati ni ba ni da ta cewa, sai dai ban ga alamar sauƙin zai tsaya a wajensu ba in zagayen kawai aka ƙara.

Matsayata dai, a ba da kati a kuma sa hannu ga wanda ya zo da littafi, in kuwa kati ne kaɗai toh a rubuta shi ɓaro ɓaro a wajen kama wuri kuma a rage kuɗin. Ƙorafi na aiki a wajen nan fa, kuɗin fakin na kwana a otal ɗinsu da suka ƙirƙiro a 2018 sun janye shi a Janairu 2023 bayan an daɗe ana surutu.

Ga mai shirin zuwa, ka tambaya kafin ka kama wuri ko ana sa hannu a tebur, dan abun na canzawa daga wuri zuwa wuri. Ka sayi maka mai dannawa wadda ba ta da murfi, ka buɗe littafin a shafi fari ka ajiye nesa da kofin lemo tun kafin su iso. In aka ce min kati ne kaɗai ni kam zan ciyar da yarana a wani wuri mai araha, mu je Town Square Theater da ke bakin ƙofar Magic Kingdom mu bi layi, Mickey yana nan yana karɓar baƙi kuma tikitin shigarka ya riga ya biya.