Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kwanon da Gwaggo ta ware mini

Makon jiya na tsaya a inda na gama takaba na dawo gidanmu. Ko akwatina ban gama kwancewa ba Gwaggo ta ware mini kwano, wani koren kwanon sha mai murfi, ta ɗaura masa jan zare don kada yara su ɗauka. Butata daban, tabarmata daban. In na fito daga banɗaki sai ta sa a kwara ruwan zafi. Matar da ta goya ni a bayanta ke nan.

A 2005 ne, lokacin mutane na kiran ƙanjamau "kabari kusa". Da ita mijina Malam ya rasu, Allah Ya jiƙansa, yadda ya same ta kuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ni dai a ɗakin aurena na same ta. Inna ce kaɗai ke sa hannu mu ci tuwo tare, tana cewa, "Ciwon da aka ɓoye shi ke kai mutum ƙasa, ki tashi ki je asibiti."

Na je. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta ce ƙwayar cutar ba ta bin kwano, ba ta bin yawu ko gumi ko musabaha, sauro ma ba ya kai ta jikin wani. Hanyarta jini ne, da saduwa, sai daga uwa zuwa ɗa, tun yana ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Na dawo na faɗa wa Gwaggo, ta ce surutun 'yan boko ne.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne hunturun shekarar. Gwaggon nan ita ta kira wanzami aka jera yaran gida za a yi musu kaciya. Aska ɗaya ce, in ya gama da wannan sai ya goge ta a tsumma ya kamo na gaba. Na ce don Allah a kai su asibiti, ko a saya wa kowane yaro sabuwar reza. Ta dube ni ta ce, "Ke har kin samu bakin magana?" Kwanon da ba ya ɗauke da komai ta tsare, ta bar askar da ke jiƙe da jini. Haka ake yi wajen ƙaho da cire beli, haka mai yankan farce ke yawo da almakashinsa ɗaya, haka wasu masu kemis ke maimaita allura. Inna ce ta kwance bakin zaninta ta aika aka sayo reza.

A 2006 gwamnatin Obasanjo ta mai da maganin kyauta, na fara sha, kuma ban taɓa fashi ba. Shekarun da suka biyo baya ɗinki ne kawai da zuwa karɓar magani.

Da na ji a rediyo a 2024 cewa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano, wallahi Kawu ne ya faɗo mini a rai. Lokacin auren autar Gwaggo na ce a yi gwaji, tunda mijin ya auri mata ya saka. Kawu ya ce raini ne, ba a yi wa mai mutunci haka. Aka ɗaura aure ba gwaji. Allah Ya tsare yarinyar, amma ba dabararsu ba ce. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kuma ba a goshi take rubuce ba. Gwajin ma in mutum sabon kamuwa ne yana iya ƙin nunawa, shi ya sa ake maimaita shi bayan wata uku. Inna ta riga ta faɗa, ciwon da aka ɓoye.

'Ya'yana na aurena na biyu duk lafiyarsu lau, kuma ina faɗin haka da alfahari. Uwar da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 tsakanin 15 zuwa 45 na iya kamuwa. In tana zuwa awo tana shan maganinta, aka kuma ba jariri nasa na ruwa, abin kan sauko ƙasa da 5. Babansu ma ba ya ɗauke da ita. Da farko kwaroron roba muke amfani da shi, har gwajin jinina ya nuna magani ya danne ƙwayar yadda na'ura ba ta ganinta, likita ya ce wanda ya kai haka kuma ya riƙe maganinsa ba ya sa wa abokin zamansa.

Gwaggo ce ta fara zuwa wurin dangin Babansu ta ce kada su bari ɗansu ya auri gawa. Ba ta san ni da bakina na faɗa masa komai tun ranar da ya fara sallama da ni ba. Yadda aka kwashe da yayarsa a kan wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.