Kwanan mota a bakin tekun Benin

Kuɗin otal ne ya daɗe yana hana mu leƙa Jamhuriyar Benin, alhali daga Agege zuwa iyakar Seme ba wata tafiya ba ce. Yayana ya kawo shawara mu cire kujerun baya na Hiace ɗinsa, mu shimfiɗa katifu, mu ɗaura gidan sauro, motar ta zama ɗaki. Muka ɗora risho, jarkokin ruwa, shinkafa, wake, yaji da man gyaɗa. Mu uku ne, har da wani abokinsa mai jin Faransanci.

A iyaka takardu ake so: fasfo, katin rigakafin cutar shawara, inshorar mota ta ECOWAS, da takardar shigar da mota ta ɗan lokaci. Tun 2018 jami'an ƙasashen biyu suke aiki a harabar gini guda, kuma wanda takardunsa suka cika haƙuri kawai zai yi. Ɓacin ranmu a wani shinge ne can a kan hanya. Jami'in bai amsa gaisuwarmu ba. Da ya ga katifu sai ya ce fasa-ƙwauri muke yi, ya sa muka sauke kaya kaf a rana, ya riƙa ture tukunyarmu da takalmi. Bincike aikinsa ne, ban ƙi ba. Amma tukunyar da mutum zai ci abinci a ciki ba a taɓa ta da ƙafa, kuma har yau idan na tuna raina sai ya sosu.

Wajen ɗan canji ma jiki ya yi sanyi. Ka miƙa damin naira, a ba ka 'yan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, tamu kuwa kullum sai abin da kasuwa ta ce. Fetur ɗin da ake jerawa cikin manyan kwalabe a bakin titi, wanda suke kira kpayo, yawanci daga wajenmu yake tsallakawa, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 arharsa ta ragu.

Azahar a Zongon Kwatano muka yi ta. Hausa ko'ina, har mai shayi. Wani dattijo mai sayar da yadi ya ji abin da ya kawo mu, ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, abu biyu. Kada ku ajiye mota a inda ba ku gai da masu wuri ba. Kuma tekun nan ba Tiga ba ne, ku tsaya iya idon sawu." Muka ce, "To Baba, mun ji." Ya hana mu biyan kuɗin shayi.

Daga unguwar Fidjrosse ta Kwatano muka bi hanyar masunta wadda ta nufi Wida, teku a hagu, itatuwan kwakwa jere ba iyaka. Gab da magariba muka tsaya a wani ƙauyen masunta, abokin Yaya ya nemi mai wuri. Aka kai mu gun wani tsoho yana ɗinkin koma. Ya zagaya motar, ya leƙa katifun, ya yi dariya, ya nuna mana ƙasa mai tauri a bayan bukkarsa, ya ce idan muka matsa gaba rairayi zai haɗiye tayoyin. Muka tambayi abin da za mu biya. Ya ce sefa dubu biyu, har da ruwan rijiya da banɗaki. A Legas wasu wuraren shaƙatawa na bakin ruwa kuɗin shiga kaɗai ya fi haka, kuma sai ka biya na kujera daban, na shigo da abincinka daban.

Barcin farko bai zo da sauƙi ba, don ƙarar igiyar ruwa ba ta tsayawa, kuma iskar tana barin danshin gishiri a kan komai, har zanen rufa. Mun yi asuba a kan rairayi, teku a hannun damanmu. Gari na wayewa aka fara jan taru. Kwale-kwale ya riga ya zagaya da shi cikin ruwa, mutane sun kasu layi biyu a kan igiya, maza da mata da yara, suna waƙa suna ja da baya taku-taku, wanda ya kai ƙarshe ya dawo gaba ya sake kamawa. Muka shiga layi. Igiyar jiƙaƙƙa ce mai kaushi, kafin a jima tafin hannuna ya yi ja. An ɗauki sa'o'i kafin taru ya fito, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙarancin kifin da yawan ledar da ta biyo shi. Duk da haka da aka zo rabo matar tsohon ta zubo mana namu a kwano. Yaya ya ce, "Mama, mu baƙi ne." Ta ce wanda ya ja igiya yana da rabo. Muka soya, muka ci da garau-garau, muka aika musu da kwano guda, ya dawo da abarba a ciki, irin doguwar nan da cikinta fari ne, ga zaƙi.

A Wida mun tsaya a Ƙofar Ba Dawowa, wadda aka gina a 1995 a ƙarshen hanyar kusan kilomita 4 da a da ake koro bayi daga gari zuwa jiragen Turawa. Na ga masu ɗaukar hoto suna ta raha a gindinta, abin bai yi mini daɗi ba. Kusa da nan, a Djegbadji, mata na dafa gishiri, muka sayi ƙulli.

Grand-Popo ta fi ko'ina kyau, amma ta fi tsada, don masu masauki sun saba da Turawa. Mun shiga kwale-kwale a kogin Mono zuwa inda yake haɗuwa da teku. Daga nan muka juyo ta babban titi. A Badagry muka tsaya aka wanke ƙarƙashin motar sosai, saboda gishirin teku ba ya jimawa yake sa ƙarfe tsatsa.