Yadda na samu teburin aiki a Maraɗi

Aikina zane ne da haɗa bidiyo. Ina yi wa 'yan kasuwa tambari da hoton talla, ina yi wa masu biki katin gayyata, wani lokaci kuma wata ƙungiya daga Yamai ta turo mini hotunan taronta in haɗa mata ɗan fim na minti biyar. Ba ni da ofis. Shekara huɗu na yi ina aiki a ɗakina, a gidanmu na gado da ke Bagalam, kuma da wuta ba ta rikita mini lissafi ba, da har yau ina can.

A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse layin da ke kawo mana wuta daga Katsina. Duk wanda ke garin nan a lokacin ya san abin da aka sha. Wuta ta koma baƙuwa, ta leƙo, kafin waya ta cika ta tafi. Batirin kwamfutata awa biyu yake kai ni in zane nake yi, in bidiyo ne ko awa ɗaya ba ya cikawa. Wani aiki da na yi alkawarin bayarwa ranar Alhamis sai Litinin ya fita. Mai aikin bai yi mini faɗa ba, ya biya ni kuɗina cif, amma bai sake kirana ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Washegari na saka kwamfuta a jaka na hau kabu-kabu, na fita neman wurin zama.

Irin gidan shan kofi da muke gani a hotunan ƙasashen waje, mutum da kwamfutarsa a bakin taga, ba shi ne ya cika garinmu ba. Abin da muke da shi teburin mai shayi ne, da gidajen abinci, da ɗakunan cin abinci na otal, da shagunan lemu da yogot, da sibar kafe. Duk na gwada su.

Da mai shayin unguwarmu na fara, don shi ne na sani tun ina yaro. Da safe babu inda ya kai wurinsa daɗi: burodi da ƙwai, kofi mai madara, iska ba ta yi zafi ba tukuna. Amma benci ne babu majingina, soket guda ne kuma wayoyi biyar ke layi a kansa, kowane babur da ya wuce sai ya bar maka ƙura a kan madannai. Ga abokai. Wanda ya gan ka zaune wurin mai shayi ya ɗauka fada ka buɗe, zai zauna, kuma ba ka da bakin korarsa. Har yanzu can nake karya kumallo ina amsa saƙonni ta waya, amma kwamfuta ba ta fita daga jaka.

Sibar kafe kwana biyu kawai na yi. Suna da gurup, suna da injin buga takarda, amma wuri ne na shiga da fita, ɗalibai na jiran a buga musu takardu, kuma da awa ake biya. In za ka wuni, kuɗin ya fi ƙarfin ribar katin biki.

Sai na nufi ɗakin cin abinci na wani otal. Ranar farko na ce wahala ta ƙare. Sanyi, shiru, kujera mai majingina, gurup na tashi da kansa in wuta ta ɗauke. Na tambayi lambar wifi aka rubuta mini a takarda, na buɗe bidiyo ya taho ba tangarɗa. A rana ta uku ne na tashi tura wa mai aiki fim ɗin da na gama, wajen giga biyu. Daga azahar har la'asar sakaliya bai kai rabi ba. A nan na gane abin da ya kamata in sani tuntuni: saurin saukewa daban, saurin ɗorawa daban. Mai kallon Facebook da YouTube saukewa yake yi, shi ya sa in ka tambayi ma'aikacin wuri ko intanet ɗinsu na da ƙarfi zai ce maka ƙwarai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Mu da muke tura manyan fayiloli, ko muke magana ta bidiyo da mai aiki, ɗorawa ce rayuwarmu. Tun daga ranar, duk inda na shiga sai na gwada saurin layin a waya, in dubi lamba ta biyu, ta ɗorawa, kafin in dubi ta farko. Kuma ba sau ɗaya ba. Ina gwadawa da hantsi, in sake gwadawa da yamma, domin wifi ɗin da ke gudu da ƙarfe 9 na safe yana iya rarrafe in an fara taron bita a zauren da ke kusa, mutum arba'in sun hau kansa.

Na kuma daina dogara da wifi na kowa. Layi biyu nake riƙewa na kamfanoni daban-daban, in ɗaya ya yi sanyi in koma ɗayan, in haɗa kwamfuta da waya. Don haka abin da nake dubawa yanzu shi ne ko rezo na shiga daidai kujerar da zan zauna. Ɗakin da ke can ƙurya, bango mai kauri ta ko'ina, sau da yawa sanda ɗaya za ka gani, ka matsa kusa da taga ta koma huɗu. Otal ɗin dai na bar shi ne saboda aljihu. Kwalbar lemu ninki biyu ce ta waje, kuma ba zai yiwu ka wuni a kan kwalba ɗaya ba tare da ka ji nauyi ba.

Asarar da na yi a wani gidan abinci ce ta koya mini tambayar wuta. Ina cikin aiki wuta ta ɗauke, yaron gidan ya je ya tada gurup ya juya layi, sai na ji ƙauri. Cajar kwamfutata ce ta ƙone. Kwana huɗu ina jiran a kawo mini wata daga Kano. Ban ɗora wa kowa laifi ba, ni ne na bar ta a jone. Yanzu da wuta ta ɗauke nake zare caja, kuma ba na mayarwa sai gurup ya yi 'yan mintuna muryarsa ta daidaita. Ina tambayar mai wuri kai tsaye: in wuta ta tafi, da me kuke aiki? Gurup ne ko sola? In gurup ne, da rana ma kuna tada shi, ko sai dare in masu cin abinci sun taru? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai muhimmanci, don wurare da yawa suna da gurup amma ba za su ƙona mai saboda mutum ɗaya da kwamfutarsa ba, kuma suna da gaskiyarsu.

Akwai wani ƙaramin abu da ke kunyata baƙon wannan harka. Kayan da muke saye daga Kano ko Katsina yawanci kan cajarsu mai ƙafa uku ne masu faɗi, soket ɗin gidajenmu kuwa mai rami biyu ne zagayayyu. Ina yawo da mahaɗi guda biyu da doguwar waya mai baki huɗu. Wayar nan ta ƙulla mini zumunci da mutane fiye da katin sana'ata, domin duk wanda cajinsa ya ƙare wurina yake zuwa.

Wurin da na zauna a ƙarshe, wani ɗan gidan abinci ne a unguwar Zariya, tebur bakwai, ba allon kirki ma a ƙofa. Wani abokina ne ya ce in leƙa, wai suna da sola saboda firjin yogot da ƙanƙara. Da ɗan gari akan ci gari. Na je na ci shinkafa da miya kwana uku a jere ina lura, ban fito da kwamfuta ba. Na ga fanka ba ta tsayawa, na ga teburin kusurwa rana ba ta dukansa, na ga bayan gida da ƙofa da buta da ruwa, na ga masallaci taku kaɗan. Na lura kuma daga ƙarfe 8 zuwa 12 wurin kusan fayau yake, sai azahar ta gabato mutane su cika shi.

A rana ta huɗu na sami mai wurin, dattijo ne, yana zaune bakin akwatin kuɗi. Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, wata alfarma na zo nema. Aikina a kwamfuta yake, gida kuma ba wuta. Ina so in riƙa zama a teburin can da safe, in jona caji, in biya abin da ka yanka."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane irin aiki ne?"

Na san dalilin tambayar. Mutane sun ji labarin masu damfara ta intanet, kuma matashin da ke wuni gaban kwamfuta ba ofis ba shago, dole a yi masa wani kallo. Ban ji haushi ba. Na buɗe na nuna masa katin bikin da na yi, da tambarin wani mai sayar da man gyaɗa, da fim ɗin taro. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi sunan mahaifina da unguwarmu. Ashe ya san wani kawuna a babbar kasuwa.

Ya ce, "Zauna. Amma in azahar ta yi ka ba masu cin abinci wuri, kuɗin gidan nan a lokacin yake shigowa."

Muka daidaita a kan jika 10 a wata na wuta da kujera, abincina kuma in biya kamar kowa. Shi da farko cewa ya yi in bar kuɗin, ni na nace. Na riga na ga yadda zaman kyauta ke ƙarewa: sati na farko fara'a, na uku yaron gida ya fara goge teburinka kana kai. Teburin da na riƙe awa huɗu na mai wuri ne, wutar da kwamfutata ke sha daga batirinsa take fita, kuma in ban biya ba, ba ni da bakin cewa a rage ƙarar talabijin. Daga baya na zana masa jerin abinci da farashi, aka buga aka manna a bango. Wannan ban karɓi ko dala ba.

Zama ya koya mini sauran. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, wurin kan cika da wuri, sai in tashi tun 11. Daren Talata da Laraba in ana wasan zakarun Turai, ko kusa ba na sa ran yin aiki. Kiran bidiyo da safe nake sa shi, kuma da yake ina da mai aiki ɗaya a Faransa, sai da na riƙe cewa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, sauran watanni agogonmu ɗaya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfuta kan yi nauyi in ta ɗau zafi, sai in ɗaga bayanta da ɗan katako iska ta shiga ta ƙasa, in bar haɗa bidiyo sai da sassafe. Da hunturu kuwa nesa da ƙofa nake zama, ina da ƙyalle da ɗan buroshi a jaka. Da azumi gidan ba ya dafa abincin rana, amma Alhaji ya ce yaro ya riƙa buɗe mini, tunda firji na aiki ko ana ciniki ko ba a yi.

Gaisuwa ma sai da na nemo mata dabara. A garin nan ba ka shiga wuri ka toshe kunne ka yi kamar ba ka ga kowa ba, za a ce kana da girman kai, kuma an yi gaskiya. In na shigo sai na bi kowa da sallama, har masu girki, sannan in zauna in sa abin kunne. Wanda ya zo gaishe ni ina cirewa mu gaisa sosai, in ce masa ina kan aikin mutane, mu haɗu bayan la'asar. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba. In an kira salla ba na barin kwamfuta a tebur, Alhaji ke kulle mini ita a durowarsa mu tafi masallaci tare. Harkar kuɗi kuma ba na yin ta a wifi ɗin da kowa ya san lambarsa, layin wayata nake komawa.

Wata 'yar'uwa mai aikin fassara daga Faransanci zuwa Hausa ta tambaye ni ko wurin zai yi mata. Na yi saurin cewa zai yi, sai ta jero mini tambayoyin da ban taɓa yi wa kaina ba. Akwai inda mace za ta yi salla? Ƙofar bayan gida na kulluwa ta ciki? Teburin yana inda duk mai wucewa zai zuba mata ido? Akwai wata mace a gidan? Na ji kunyar gaggawar da na yi. Muka je tare, ta gaida Hajiya mai kula da girki, suka shiga ciki suka yi maganarsu. Da suka fito Hajiya ta sa aka ja tebur ɗaya kusa da ƙofar madafa, bayan labule, ta ce, "'Yata, nan ne wurinki, ga tabarmar salla can ciki." Tana zuwa kwana uku a mako, tana tashi kafin magariba.

A watan Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin da aka saka wa ƙasarmu bayan juyin mulkin, daga baya wuta ta dawo, ko da yake har yanzu tana ɗaukewa, musamman da bazara. Zan iya komawa ɗakina, amma ban koma ba. Mu huɗu ne yanzu a wurin da safe: ni, da mai fassara, da wani mai ɗaukar hoton biki, da wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke rubuta kundinsa. Watan jiya na iso na tarar da mai gyaran wuta a kan tsani yana ja waya ta bango. Na tambayi Alhaji ko wani abu ne ya lalace.

Ya ce, "Babu abin da ya lalace. Soket biyu na sa a ƙara muku a kusurwar nan, ɗaya mai ƙafa uku. Na gaji da tsallake wayarka."